Gidan bistol ɗin wani tsohon sojan Burma: wace libarba ce ta zauna a cikinsa?

Asalin lamarin

Mai wannan lamari malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Bayan rasuwar mahaifinsa, da aka zo rabon gado, sai aka fito da wani akwatin ƙarfe na kakansu wanda ya daɗe a ƙuryar ɗaki ba a buɗe shi ba. Kakan tsohon soja ne, yana cikin 'yan Arewar da Turawan Ingila suka ɗiba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma dawo gida a 1946. A cikin akwatin an sami lambar yabo ta tagulla mai tsini shida, wadda ake kira Tauraron Burma, da wani gidan bistol na saƙar auduga mai kauri, mai murfi da maɓallin tagulla, babu komai a cikinsa.

Malamin ya so ya ajiye kayan a ɗan kwabar tarihi da yake haɗawa a makaranta, tare da takardar bayani a gefe. Ya san tambayar farko da ɗalibai za su yi masa ita ce wace irin bindiga ce ake sawa a ciki, shi kuwa ba ya son rubuta abin da ba zai iya karewa a gabansu ba.

Dangi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Gwaggonsa, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan tsohon, ta ce ta ji ana cewa kuben wata babbar bindigar Bature ne. Wani kawunsa ya ce ganima ce da aka ƙwato daga hannun sojan Japan. Har a kan inda tsohon ya yi yaƙi an sami saɓani, wasu na cewa Habasha, wasu na cewa Burma. Duka biyun kuwa suna iya yiwuwa, domin sojan Nijeriya sun yi yaƙi a gabashin Afirka a 1940 da 1941, su ne ma suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, daga baya kuma aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Burma daga 1943. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali.

Akwai kuma wani shinge tun daga farko. A ƙasashen da masu tara tsofaffin makamai suke da yawa, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko bindigogin da ake zargi a gwada su ɗaya bayan ɗaya. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa bistol da libarba, wato bindigar hannu mai gangar harsashi mai juyawa, cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisi na musamman. Malamin bai nemi kowace bindiga ba, bai kuma yarda wani ya nemo masa ba. Duk aikin da za a bayyana a nan an yi shi ne da tef ɗin awo, da tocila, da kwali, da katako.

Makon farko: wanki da kallon hotuna

Kafin malamin ya ɗauki kuben zuwa gidansa, wani ƙaninsa ya riga ya jiƙa murfin da ruwan sabulu ya goge da buroshi, da nufin ya fito da shi fes. Ruwan ya koma kore, aka tsorata aka dakata. Jikin kuben bai jiƙe ba, amma murfin ya sha guga ciki da waje, zaren ya tashi, wani rubutu baƙi da ke cikinsa kuma ya ƙara dusashewa. Wannan wankin zai dawo ya dami binciken a ƙarshe.

Daga nan malamin ya shiga kallon hotunan tsofaffin bindigogi a intanet yana kwatantawa da ido. Bindigar da ta fi fitowa idan an nemi libarbar sojan Ingila ita ce Webley Mark VI, wadda aka fara rabawa a 1915, mai cin harsashi .455, wato mai faɗin inci 0.455. Babba ce, ta kuma dace da maganar gwaggo, don haka ya fara rubuta sunanta a takardarsa. Sai dai hoto ba ya nuna girma. A fuskar waya, libarba mai hanci inci 6 da mai inci 5 kusan ɗaya suke, balle ma duk ƙirar Ingila ce mai karyewa a tsakiya.

Abu ɗaya ne kallon hotuna ya warware, shi ne maganar kawu. Gidan bistol ɗin Japan na wancan zamani, wanda ake sa Nambu samfurin 14 a ciki, yana da murfi mai tauri da ya rufe kan bindigar ruf, yawancinsu kuma na fata ne. Wannan na Zariya ba ya kama da shi ta kowace fuska.

Mako na biyu: ra'ayin tsohon samanja

Malamin ya kai kuben wurin wani dattijo a unguwarsu, tsohon samanja da ya yi aikin soja bayan yaƙin basasa. Ya gaishe shi ya ce, "Baba, ga wani abu na kawo ka duba mini." Dattijon ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce babu shakka kayan soja ne, kuma a saninsa Browning ake sawa a irin wannan, don ita ya ga hafsoshi suna ratayawa a zamaninsa.

Maganar tana da tushe. Browning Hi-Power, mai harsashi milimita 9, ta shiga hannun sojan Ingila tun kafin yaƙin ya ƙare, lokacin da kamfanin Inglis na Toronto a Kanada ya fara ƙera ta a 1944, daga baya kuma ta maye gurbin libarba gaba ɗaya. Amma tsawonta milimita 197 ne kawai, jikinta kuma falale ne, ba ta da gangar harsashi mai juyawa. Gidan da aka ɗinka dominta yana zuwa da wurin ajiye gidan harsashi na biyu, mai cin 13. Wannan kuben ba shi da irin wannan aljihu, kuma a tsakiyarsa akwai wani kumburi zagayayye da ya zauna daram a jikin saƙar. Da malamin ya nuna masa kumburin, dattijon ya sa babban yatsa ya taɓa, ya ce lallai abin da ya kwana a nan yana da ciki.

Ziyarar ba ta tashi a banza ba. Samanjan ne ya gane amfanin wani siririn aljihu da aka ɗinka a tsaye a cikin kuben, wanda malamin ya ɗauka wurin sa fensir ne: gidan sandar goge hancin bindiga ne. Shi ne kuma ya ce a daina kallon waje, a nemi hatimin gwamnati, domin kayan soja ba sa fita daga sito ba tare da shaida ba.

Karanta hatimi

Da rana rubutun da ke cikin murfin ba ya karantuwa. Abin da ya yi aiki shi ne a kashe fitila da dare, a kwantar da tocila a gefe yadda haskenta zai bi fuskar saƙar a kwance, sannan a ɗauki hoto da waya a ƙara masa duhu. A haka aka ga haruffa M.E.Co., da shekara 1942, da wata alama mai layi uku da suka haɗu a sama.

Alamar ita ce kan kibiya, tambarin da gwamnatin Ingila ta daɗe tana bugawa a kan kayanta na soja. Yadda aka buga shi yana faɗin ƙasa: na Kanada yana cikin harafin C, na Ostareliya yana tsakanin D biyu, na Afirka ta Kudu yana cikin U. Wannan shi kaɗai yake tsaye, wato na Ingila ne. Haruffan kuwa na kamfanin Mills Equipment Company ne, wanda ya tsara kayan ɗamarar sojan Ingila da aka sani da samfurin 1937.

Da aka sami wannan suna, sauran sassan kuben suka fara bayyana kansu. A bayansa akwai ƙugiyoyin tagulla biyu a tsaye, waɗanda ake maƙalawa a jikin bel, da wata ta uku a kwance a sama, wadda ake haɗawa da ƙaramar jakar harsashi idan an ɗora ta bisa kuben. Haka gidan bistol na samfurin 1937 yake. Ba irin na 'yan tankar yaƙi ba ne, domin nasu buɗe yake ba murfi, da madaukan harsashi shida a waje. Launin ma ya yi magana: a ƙarƙashin ƙugiyoyin saƙar tana nan ruwan ƙasa yadda ta fito daga masaƙa, sauran jikin kuwa kore ne da ya koɗe. Sojojin da aka kai dazukan Burma sun riƙa rina kayan ɗamararsu kore saboda ruwan ƙasa yana tona asiri a cikin ganye. Koren da ya zuba a ruwan sabulu ke nan.

Shekarar ta kashe gardamar dangi, aƙalla game da kuben. Yaƙin Habasha ya ƙare da faɗuwar Gondar a watan Nuwamban 1941. Abin da aka ɗinka a 1942 bai je can ba. Tare da rinin da lambar yabon, hanya ta miƙe zuwa Burma.

Amma hatimin bai ambaci bindiga ba, kuma ba sakaci ba ne. Ba a ɗinka wannan kube don bindiga guda ba, an ɗinka shi ne don libarbar soja mai harsashi .38. Bayan Yaƙin Duniya na Farko hukumar sojan Ingila ta ga cewa .455 ta yi wa sojan da aka horar cikin gaggawa nauyi da ƙarfin tokari, sai ta koma ga ƙaramin harsashi. A 1932 aka karɓi Enfield lamba 2, wadda masana'antar gwamnati ta Enfield ta ƙera. Da yaƙi ya ɓarke ba ta wadatar ba, sai aka haɗa da Webley Mark IV mai cin harsashi iri ɗaya, aka kuma kawo Smith & Wesson daga Amurka, fiye da dubu 500, aka rarraba wa Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta. A cikin ruɗanin yaƙi an ma fito da tsofaffin Mark VI daga sito. Saboda haka bindigogi huɗu ne suka rage a gaban malamin.

Wata na biyu: awo, kwali da katako

Malamin ya nemo ma'aunin kowace ɗaya. Webley Mark VI: hanci inci 6, tsawo gaba ɗaya milimita 286, nauyi kusan kilo 1.1. Enfield lamba 2: hanci inci 5, wato milimita 127, tsawo milimita 260, nauyi giram 765. Webley Mark IV ta soja da Smith & Wesson mai hanci inci 5 duk suna nan kusa da Enfield a tsawo. Da ya zura tef cikin kuben, daga ƙasa zuwa inda murfin ke lanƙwasawa ya sami kusan santimita 27.

Gwajin farko da kwali aka yi. Ya zana siffar kowace bindiga a girmanta na gaskiya ya yanke. Sakamakon ya rikita shi, domin har kwalin Mark VI ya shiga, murfin ma ya rufu da ɗan turawa. Dalili kuwa kwali ba shi da kauri, yana karkacewa ya kwanta a kusurwa, yana kuma lanƙwasawa. Libarba ba ta yin haka. Gangarta ce ke cika kuben ta hana ta motsi, ita ce kuma ke ɗaga saƙar ta rage tsawon da murfi zai iya kaiwa.

Sai ya tafi wurin kafinta. A nan an yi wata dabara da ta cancanci a faɗe ta. Kafintan ya ƙi sassaƙa wani abu mai siffar bindiga, ya ce Malam, ba zan jawo mana magana a shingen bincike ba, kuma gaskiyarsa. Abin da ya yi shi ne dunƙulen katako zagayayye a madadin ganga, da sanda a madadin hanci, da wani ɗan katako a baya da zai cike tsawon, babu mariƙi babu kunama. An yi guda biyu: babba mai ganga milimita 44 da sanda inci 6, ƙarami mai ganga milimita 37 da sanda inci 5.

Babban ya shiga da ƙyar, ya tsaya da saura, murfin kuma ya kasa kaiwa ga maɓalli da tazarar yatsa biyu. Ba a matsa masa ba, don zaren da ya haura shekara 80 ba abin ja ba ne. Ƙaramin ya zame ya zauna, gangarsa ta faɗa daidai cikin kumburin nan da samanja ya taɓa, maɓallin ya rufu ba tare da an ja ba. Malamin ya soke sunan Mark VI daga takardarsa.

Shaidar da ke ciki

Saura uku, kuma awo ba zai raba su ba. Amma kube yana ɗaukar siffar abin da ya daɗe a cikinsa, yadda takalmi ke ɗaukar siffar ƙafar mai shi. Malamin ya buɗe bakin kuben da 'yan sanduna biyu, ya zura ƙaramin madubi da tocila, ya bi bangon ciki a hankali.

A can ƙasa akwai baƙin tabon mai, zagayayye, inda bakin bindiga yake tokara. Sama da shi akwai wani layi mai duhu a kwance, inda gaban ganga yake gugar saƙar. Tsakanin su biyun santimita 12 da rabi zuwa 13. Hancin libarba daga gaban ganga ake auna shi, don haka wannan ya tabbatar da inci 5 daga cikin kuben kansa, ba daga littafi ba.

Abin da ya raba bindigar Amurka da na Ingila shi ne yadda ake buɗe su. Smith & Wesson gangarta ce ke fitowa ta gefen hagu, kuma tana da wata siririyar sanda a ƙarƙashin hanci wadda ake dannawa a zubar da kwanson harsashi. Enfield da Webley kuwa karyewa suke yi a tsakiya: akwai mahaɗi mai ƙusa a gaban kunama, ƙasa da ganga, da wani dogon maɓuɗi lanƙwasasshe a gefen hagu kusa da gudumar da ke bugun harsashi, wanda ake turawa da babban yatsa. A cikin wannan kube gefen hagun bindiga ne yake jingina da bangon baya, wanda ke manne da jikin mai ɗauka.

A bangon bayan, ƙasa kaɗan da layin ganga kuma ta ɓangaren kunama, an ga wani ɗan da'ira da zaren ya yi sulɓi yana ƙyalli, faɗinsa bai kai na farce ba, da ɗan'uwansa mai rauni a bangon gaba daidai saitinsa. Wurin mahaɗi ke nan. Kusa da bakin kuben kuma akwai doguwar guga mai lanƙwasa, mai launin tsatsa. Maɓuɗin Smith & Wesson ɗan guntu ne, ba zai bar irin wannan zane ba. A gefen hanci kuwa, inda sandar zubar da kwanso za ta kwanta, babu layi na biyu. Wannan ya fitar da bindigar Amurka.

Tsakanin Enfield da Webley Mark IV aikin ya yi wuya, domin Enfield daga ƙirar Webley aka ɗauko ta, har kamfanin Webley ya kai ƙarar gwamnati a kan haka. Daga waje bambanci ɗaya ne kawai zai iya barin shaida a kube. Webley Mark IV tana da ƙaho a bayan guduma, wanda ake ja da yatsa a ɗana ta. Enfield ta farko ma tana da shi, amma daga 1938 aka fito da samfurin Mark I mai alamar tauraro, wanda aka yanke wa ƙahon don kada ya riƙa sarƙewa, musamman a cikin tanka. Yawancin Enfield ɗin da aka ƙera lokacin yaƙi wannan samfurin ne, an kuma mayar da tsofaffi da yawa zuwa gare shi. Ƙahon guduma ƙarfe ne mai kaushi, kuma a kube mai murfi yakan ci saƙar daga ciki, kusa da lanƙwasar murfin.

An duba wurin, ba a ga rami ko tsinkewar zare ba. Sai dai nan ne daidai inda buroshi ya bi.

Hukunci

Amsoshin da aka samu ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma a ganina darajar aikin malamin tana cikin yadda ya ƙi haɗa su a kwano ɗaya.

Cewa kuben na sojan Ingila ne, samfurin 1937, ɗinkin Mills na 1942, wannan hatimi da ƙugiyoyi sun tabbatar. Cewa an yi shi don libarba .38 mai hanci inci 5, kuma irinta ce ta zauna a ciki, awo biyu masu zaman kansu sun haɗu a kai, na katako da na tabon mai. Cewa mai karyewa ce ƙirar Ingila, shaida uku ne suka nuna, biyu na abin da aka gani, ɗaya na abin da ba a gani ba, kuma na yarda da su. Cewa Enfield ce marar ƙaho, wannan rinjaye ne kawai. Yawan irinta a shekarun yaƙi yana goyon bayansa, rashin rami a murfi ma haka, amma rashin shaida a wurin da aka goge da buroshi ba hujja ce mai ƙarfi ba. Da ba a wanke murfin ba, da wataƙila an rufe maganar.

Hanyoyin da suka gaza suna da aibi iri ɗaya: kowacce ta fara da sunan bindiga, sannan ta nemi kuben ya yarda. Gwaggo ta kawo girma, samanja ya kawo bindigar zamaninsa, intanet ta kawo wadda ta fi suna. Hanyoyin da suka yi aiki daga jikin kuben suka fara, suka riƙa rage jerin ɗaya bayan ɗaya. Kwali ya gaza ne don ya auna tsawo ya manta kauri.

Maganar gwaggo kuma ba a yar da ita duka ba. A rundunonin Afirka ta Yamma sojan ƙasa baƙar fata doguwar bindiga Lee-Enfield .303 yake ɗauka, da adda. Libarba yawanci ta hafsoshi ce da sajan Turawa, sai 'yan wasu masu aiki na musamman. Cewa kuben Bature ne ya fi kusa da gaskiya, girman bindigar ne labari ya ƙara.

A takardar bayanin malamin ya rubuta ƙasa, da samfuri, da kamfani, da shekara, sannan ya ce an yi kuben don libarba .38, shaidar ciki tana nuna Enfield lamba 2 ko Webley Mark IV, Enfield ta fi rinjaye. Ya cusa tsumman auduga mai tsabta a ciki don kada kumburin ya lotse, ya bar koren tsatsar da ke kan tagulla yadda take, ya kuma hana a sake kusantar da shi ga ruwa ko man goge takalmi.